Mai ƙara a bakin kanta: haƙƙin wanda aka cuta kafin magana ta kai gaban alƙali

Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare da safe ya ji yadda magatakarda yake kiran ƙararraki: Kwamishinan 'Yan Sanda da wane, Gwamnatin Jiha da wane. Suna biyu ne a kan takardar, na hukuma da na wanda ake tuhuma. Mutumin da aka fasa wa shago ba ya ciki, haka matar da aka kashe wa miji. Suna can a bencin baya, in ma an sanar da su cewa yau ake zama. A tsarin da muka gada daga Turawan Ingila, gwamnati aka yi wa laifi. Wanda abin ya faɗa wa kuwa shaida ne, sai ranar da aka buƙace shi a kira shi, ya faɗi abin da ya sani, ya koma gida.

Tsarin yana da hikimarsa. Da aka ɗauke hukunci daga hannun wanda zuciyarsa ke tafarfasa aka damƙa wa hukuma, an toshe ƙofar ramuwar gayya. Sai dai Bahaushe bai taso da wannan fahimta ba. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi, jini yana da masu shi. Waliyyan mamaci su ne ke neman ƙisasi, su ne ke karɓar diyya, su ne ke yafewa, ba a yanke magana a bayan idonsu. Hukuma ma tana da nata kason, domin ko an yafe wa mai kisan ganganci, Malikiyya sun ce a yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Haka aka taho har ƙarshen mulkin mallaka, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod da kundin tafiyar da shari'ar laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960. Daga Sudan aka ɗauko samfurinsu, ita kuma Sudan ta ɗauko daga Indiya. Ko da jihohi 12 suka dawo da hukuncin Musulunci a kan laifuffuka daga shekarar 2000, binciken manyan laifuffuka ya ci gaba da zama a hannun rundunar 'yan sandan tarayya. Saboda haka waliyyin jini yana iya samun bakin magana a gaban alƙali, amma kafin a kai can, a bakin kanta yake tsaye kamar kowa.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai sauya wannan ba. Sashe na 35 da na 36 sun yi wa wanda ake zargi shinge mai kyau: a gaya masa dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, a ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar, a ba shi tafinta da lokacin shirya kariya, a ba shi kwafin hukunci cikin kwana 7. Ban ga harafi ɗaya da ya kamata a rage a ciki ba. Duk wanda ya san abin da ake yi wa mutane a bayan kanta ya san dalilin rubuta su. Amma ka bi babin da suke ciki har ƙarshensa, ba za ka ga sashen da ya kira sunan wanda aka yi wa laifi ya ce ga naka ba.

Yadda abin yake kasancewa a aikace ba baƙo ba ne ga kowa. Ɗauki direban babur mai ƙafa uku da aka tare shi da magariba, aka sare shi a hannu, aka tafi da babur ɗin. Ba nasa ba ne ma, na wani alhaji ne da yake kai wa balas kullum. Ya isa caji ofis hannunsa ɗaure da tsumma. Ɗan sandan da ke kanta ya tambaye shi suna da unguwa, ya rubuta layi uku a babban littafi, aka haɗa shi da mai bincike, wanda kowa ke kira IPO. Ya ba da labari da Hausa, IPO ya rubuta da Turanci, ya miƙo masa biro ya ce, "Sa hannu a nan." Ya sa, bai san me ya sa wa hannu ba. Aka ce ya kawo kuɗin fayil da kuɗin man da za a je a ga wurin. Ya fito ba ko ƙyallen takarda a aljihunsa, sai lambar wayar IPO. Bayan sati biyu ya kira: "Yallaɓai, ina aka kwana a maganata?" Aka ce, "Muna kai, Malam, ka ƙara haƙuri." Bayan wata biyu wayar ta daina shiga. Ya koma da ƙafarsa, aka ce ai an yi wa IPO ɗin canjin wurin aiki. Sabon da ya tarar ya ce, "Wace rana ka kawo ƙarar?" Shi dai ya san ana saura kwanaki kaɗan azumi ne. Aka yi ta buɗa shafuka har aka gaji. Alhaji kuwa ya fara kallonsa da wani ido, tunda ba shi da abin da zai nuna cewa ya ma kai rahoto.

A wannan labari ba a doki kowa ba, ba a zagi kowa ba. An dai bar mutum cikin duhu ne a kan abin da ya fi shafarsa a duniya. Ba na kuma ɗora laifin duka a kan IPO, domin shi ma sau da yawa ba a ba shi takarda ko man mota ba, ga ƙararraki sun yi masa yawa. Dokar asusun tallafa wa 'yan sanda ta 2019 ita kanta amincewa ce daga gwamnati cewa kuɗin aiki ba sa kaiwa ƙasa. Amma ko mene ne dalili, sakamakon ɗaya ne: wanda ya biya kuɗin fayil shi ne bai da ikon sanin abin da ke ciki.

Fayil ɗin nan kuwa shi ne shari'ar. A cikinsa ake tara bayanin mai ƙara, da na shaidu, da na wanda ake zargi, da rahoton likita, da jerin kayan shaida, da littafin da mai bincike yake rubuta abin da ya yi kowace rana. In laifin babba ne, kamar kisa ko fashi da makami ko fyaɗe, sai a ɗauke shi daga caji ofis zuwa sashen binciken manyan laifuffuka na jiha. Daga nan a kai wanda ake zargi gaban majistare da takardar rahoton farko, a tura shi gidan gyaran hali, a aika kwafin fayil ma'aikatar shari'a don lauyoyin gwamnati su ba da shawara ko akwai hujjar gurfanarwa a babbar kotu. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai hannu ne sabo, a kowane hannu kuma takarda tana iya zamewa. Rahoton likita ya ɓace, wuƙar da aka ajiye ta yi ƙafa, shaida ya bar gari ba wanda ya rubuta sabon adireshinsa. A yi ta ɗage zama ana cewa ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, har ranar da alƙali zai kori ƙarar saboda masu gabatarwa ba su zo da komai ba. Mai ƙara zai ji labari ne ranar da ya yi kiciɓis da wanda ya sare shi a bakin kasuwa.

Ba za a ce 'yan majalisa ba su yi komai ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka bi sahu suka yi tasu (Kano ta yi tata a 2019), ta buɗe wa wanda aka cuta ƙofofi da dama. Sashe na 319 ya ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya diyya da kuɗin magani. Sashe na 270 ya ce in mai gabatar da ƙara zai yi yarjejeniyar sassauci da wanda ake tuhuma, sai an ba wanda aka cuta damar faɗin albarkacin bakinsa a kan abin da aka shirya da kuma batun biyansa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, a sashe na 38, ta ce wanda aka ci zarafinsa yana da haƙƙin samun taimakon likita da na lauya da na kwantar da hankali, kuma a sanar da shi inda zai same su. A 2017 aka sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani, da takardar 'yan sanda ko babu, da kuɗi ko babu, sannan ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2. Kafin wannan doka, mutane sun sha cikawa a ƙofar asibiti ana jiran takarda, kuma har yau akwai ma'aikatan lafiya da tsoron 'yan sanda bai sake su ba.

Sai dai in ka lura, mafi tsokar waɗannan haƙƙoƙi a ƙarshen tafiya aka ajiye su. Diyya tana zuwa ne bayan an samu mutum da laifi, alhali yawancin ƙararraki tun a farkon hanya suke mutuwa. Ga misali ɗaya da ya tsaya mini a rai. Sashe na 376 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya ba Antoni-Janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso masa. In ya ga babu hujjar gurfanarwa, dokar ta lissafa waɗanda za a aika wa kwafin shawarar: 'yan sanda, da kotun da ta tsare mutumin, da shi wanda ake zargin. Daidai ne a sanar da su, domin bai kamata mara laifi ya ƙara kwana ɗaya a tsare ba. Amma uwar yarinyar da aka lalata, wadda ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin mota zuwa hedikwata, ba ta cikin lissafin.

In an rufe magana, ina mai ƙara zai dosa? Sashe na 174 da na 211 na kundin tsarin mulki sun ba Antoni-Janar na tarayya da na jiha ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin hukunci. A 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da hurumin tuhumarsa dalilin janyewa. Marigayi Gani Fawehinmi ya gwada ƙofofin da suka rage. Bayan an kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ambulan a Legas ranar 19 ga Oktoba, 1986, Gani ya nemi ya gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro da kansa, kuma a 1987 Kotun Ƙoli ta amince cewa yana da hurumin neman hakan. Duk da wannan nasara, har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba. A 2002 kuma, a wata ƙarar da Gani ya kai Sufeto-Janar, kotun ta ƙi tilasta wa 'yan sanda yin bincike, ta ce suna da damar auna abin da za su bincika. A Arewa akwai wata tsohuwar ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba: mutum yana iya kai ƙorafin laifi kai-tsaye gaban majistare ko alƙali, kuma doka ta ce in baturen 'yan sanda ya ƙi karɓar ƙara, wajibi ne ya sanar da mai ita cewa yana da wannan dama. Da ana faɗa wa mutane haka a bakin kanta, da hawaye da yawa sun ragu.

Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ta ba kowa ikon neman takardun hukuma ba sai ya faɗi dalili ba, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ta ce in za a ƙi a rubuta dalili, wanda aka hana kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Ta mayar da lalata takarda ko sauya ta da gangan laifi mai ɗaurin aƙalla shekara guda. An daɗe ana jayayya ko ta hau kan jihohi, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau. Amma sashe na 12 ya yarda a hana bayanan da za su kawo cikas ga binciken da ake kan yi, ko su tona asirin mai tsegumi, ko su hana wani samun adalci. Wannan togaciya tana da ma'ana, sai dai ta zama mafaka. Binciken da ba wanda ya taɓa shi shekara uku, a takarda "ana kan yi" ne. Dokar ta ce in maslahar jama'a ta rinjayi illar bayyanawa a bayyana, amma wanda zai tilasta wannan sai mai kuɗin lauya da haƙurin babbar kotu. Direban babur ɗinmu ba ya cikinsu.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne kaɗai. Amurka ta yi dokar haƙƙin waɗanda aka yi wa laifi a 2004, wadda ta ba su ikon tattaunawa da lauyan gwamnati da kuma a yi musu adalci da mutuntawa. Duk da haka, a watan Satumban 2007 ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya a kudancin Fulorida, ƙarƙashin Alexander Acosta, ya ƙulla yarjejeniya a asirce da attajirin nan Jeffrey Epstein, wanda ake zargi da lalata 'yan mata masu ƙananan shekaru, cewa tarayya ba za ta gurfanar da shi ba. Ba a gaya wa 'yan matan ba. Abin da ya fi ciwo, bayan an riga an sa hannu aka aika wa wasunsu wasiƙa cewa ana kan bincike, su yi haƙuri. Epstein ya amsa ƙananan tuhume-tuhume a kotun jiha a 2008, ya yi wata 13 a tsare. Biyu daga cikin matan suka kai gwamnati ƙara a shekarar, sai a Fabrairun 2019 wani alƙali ya ce lallai an take haƙƙinsu. Sannan a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ba ta ba su damar shigar da irin wannan ƙara ba, tunda ba a taɓa gabatar da tuhuma a kotun tarayya ta Fulorida ba. Wato haƙƙin yana farawa ne in an kai magana kotu, hukuma kuma ta kashe maganar kafin ta kai. Giɓin da ke tsakanin caji ofis da kotu a wurinmu, shi ne dai a can.

Wani dalilin da ya sa takarda take da nauyi shi ne, wani lokaci ita hukumar ce ake zargi. A filin ƙwallo na Hillsborough a Ingila, turmutsutsu ya kashe magoya bayan Liverpool 95 a watan Afrilun 1989, daga baya adadin ya kai 97. Shekara da shekaru ana cewa laifin 'yan kallo ne. Sai a 2012, da aka buɗe wa wani kwamiti mai zaman kansa takardu, aka gano an yi wa bayanan 'yan sanda 164 kwaskwarima, a 116 daga ciki an goge abin da ya soki yadda rundunar ta yi aiki. Iyalai sun jira shekara 23 kafin su ga abin da ke cikin akwatunan hukuma.

Mafi kusa da mu, kuma mafi ban mamaki, shi ne abin da ya faru a Chadi. Hissène Habré ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, 'yan sandansa na asiri da ake kira DDS suna kamawa suna azabtarwa. Bayan faɗuwarsa, wani tsohon ma'aikaci da ya tsira daga kurkukunsa, Souleymane Guengueng, ya riƙa bin waɗanda suka tsira da iyalan mamata yana rubuta bayanansu, ɗaya bayan ɗaya, yana ɓoyewa. A 2001 masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS a Njamena suka tarar da dubban takardu a zube a ƙasa, ƙura ta rufe su: jerin fursunoni, rahotannin tambayoyi, takardun mutuwa. A cikinsu aka tsamo sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka ci zarafinsu. Waɗannan takardu, haɗe da bakin waɗanda suka tsira, su suka kai ga ɗaurin rai-da-rai da wata kotu ta musamman ta yanke wa Habré a Dakar ranar 30 ga Mayu, 2016. Abin lura a nan, waɗanda aka cuta ba 'yan kallo ba ne a shari'ar. Su suka fara shigar da ƙara a Senegal tun a 2000, lauyoyinsu kuma suka yi wa shaidu tambayoyi a zauren kotu.

Abin da ya ba su wannan dama shi ne tsarin shari'ar Faransa, wanda Nijar da Chadi da Senegal suka gada. A can, wanda aka cuta yana iya shiga ƙarar laifi a matsayin ɓangare mai neman haƙƙinsa. In mai gabatar da ƙara na gwamnati ya ajiye ƙorafi bai motsa ba, mutum yana iya kai shi gaban alƙalin bincike, wanda galibi zai nemi a ajiye wani kuɗi, sannan ya buɗe bincike. Lauyansa yana da ikon duba fayil, yana kuma iya ɗaukaka ƙara in alƙalin ya ce babu hujja. Bahaushen Maraɗi da na Katsina 'yan'uwa ne, amma a wannan fage na Maraɗi ya fi ɗan'uwansa matsayi a doka. Ba ina cewa a Nijar talaka ya huta ba ne. Tsadar lauya da nisan kotu da ƙarancin alƙalai suna nan. Ina dai nuna cewa ware mai ƙara gefe zaɓi ne da wani tsari ya yi, wani tsarin kuma bai yi ba.

Ko a cikin dangin dokarmu akwai waɗanda suka yi gyara. A Indiya, inda takardar rahoton farko ta samo asali, doka ta wajabta a ba mai ƙara kwafinta nan take kyauta. A 2013 Kotun Ƙolinsu ta ce ɗan sanda ba shi da zaɓi, dole ya rubuta rahoton in bayanin da aka kawo ya nuna babban laifi. Sabon kundinsu da ya fara aiki a watan Yulin 2024 ya ƙara da cewa a sanar da mai ƙara inda bincike ya kai cikin kwana 90. A Kenya, wanda ya kai rahoto yana fita da lambar da aka shigar da ƙararsa a littafin caji ofis, kuma sun yi dokar kare waɗanda aka cuta a 2014. A Ingila kanta, uwar tsarin namu, tun 2013 wanda aka cuta yana iya neman a sake duba shawarar ƙin gurfanarwa, wani lauya daban ya duba.

Akwai masu ja da baya, kuma maganarsu abin saurare ce. Suna cewa in aka buɗe wa mai ƙara fayil, zai san sunan shaidu da na masu tsegumi, yana iya gyara labarinsa ya dace da nasu, ko ya ɗauki doka a hannunsa. Suna kuma cewa ba kowane mai ƙara ne aka cuta ba. Gaskiya ne. Mun san masu hannu da shuni da ke mayar da caji ofis wurin karɓar bashi, su sa a kulle mutum a kan cinikin da ya lalace, alhali dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Irin waɗannan masu ƙara ba su rasa bayani, baturen 'yan sanda, wato DPO, da kansa ke kiransu. A ganina wannan hujja ce ta a rubuta haƙƙin a ba kowa, domin abin da babba yake samu ta hanyar sanayya shi ne talaka yake rasawa don ba a rubuta masa ba. Ba kuma sai an miƙa wa mutum fayil dungurungum ba. Abin da ba zai cutar da bincike ba yana da yawa: takardar shaidar karɓar ƙara mai lamba da kwanan wata da sunan mai bincike, kwafin bayanin da shi kansa ya bayar bayan an karanta masa da harshensa, kwafin rahoton likitan da ya duba jikinsa, sanarwa in an kama wani ko an ba da belinsa ko an ɗauke fayil zuwa wani ofis. Sanarwar beli ma batun rai ne, domin matar da ta kai ƙarar wanda ya yi mata barazana ta cancanci sanin cewa yau zai kwana a unguwarsu. In kuma an yanke shawarar rufewa, a rubuta dalili, a faɗi wanda za a kai wa kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa mai ƙara ne zai lura cewa ba a kira shaidar da ya ga komai ba, in har an bari ya san waɗanda aka kira.

Haƙƙin yana da ɗaya fuskar, wato a rufa wa mutum asiri. Abin takaici ne a hana uwa ganin rahoton likitan 'yarta, sannan ta wayi gari ta ga sunan yarinyar da unguwarsu suna yawo a Facebook da WhatsApp. Dokar hana cin zarafi ta hana wallafa abin da zai bayyana waɗanda ke cikin irin wannan shari'a, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka kuma ta yarda a saurari wasu shaidu a keɓe, a sakaya sunansu. Tsoron tonon silili ne ke sa iyaye da yawa su haɗiye magana, ko su amince da sulhun da aka matsa musu a ofishin DPO ko a zauren mai unguwa, alhali fyaɗe da kisa ba sa cikin laifuffukan da doka ta yarda a sasanta. Sulhu alheri ne a inda ya dace, kuma al'adarmu ce. Amma sulhun da aka yi da wanda ba a gaya masa haƙƙinsa ba, ba a kuma rubuta shi a ko'ina ba, danniya ce.

Kafin a yi gyara, wanda ƙaddara ta kai shi caji ofis ya riƙe wasu abubuwa. Ya rubuta rana da lokaci da suna da muƙamin wanda ya karɓi ƙarar. Ya nemi a karanta masa bayaninsa kafin ya sa hannu, in zai iya ya rubuta da kansa. In magana ta tsaya, ya rubuta takardar koke zuwa ga kwamishina, ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya adana. Akwai sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta kafa a 2015, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, kuma yana iya ɗaukar lauya ya riƙa sa masa ido a shari'ar.

Gyaran kansa kuwa galibinsa ba ya buƙatar taɓa kundin tsarin mulki. Takardar shaidar karɓar ƙara, ko saƙon tes mai lamba, umarnin Sufeto-Janar kaɗai ya isa ya tabbatar da ita. Majalisun jihohi suna iya ƙara sunan mai ƙara a jerin waɗanda za a aika wa shawarar ma'aikatar shari'a, su kuma sa wa'adin sanar da shi inda aka kwana. Sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya riga ya ɗora wa alƙalan majistare ziyartar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata don duba rajistar kamu da halin waɗanda ke tsare. A ƙara musu duba littafin ƙorafi: ƙara nawa aka kawo a watan jiya, nawa aka kai kotu, nawa aka rufe, wa ya sa hannu a rufewar, kuma an sanar da masu su ko ba a sanar ba.